Inna da Baƙon Kwata

Tun da na dawo daga Ingila abokaina na wannan ƙungiya suka sa ni gaba, wai sai na rubuta musu abin da na gano. Wani yana so ya ji labarin fadar Sarki, wani filin ƙwallo, wani kuwa so yake in gaya masa ko da gaske ne ana tsintar kuɗi a titi. To, ni dai ban je fada ba, ban shiga filin ƙwallo ba, ban kuma tsinci ko kwabo ba. Abin da ya tsaya mini a rai tsuntsu ne guda ɗaya, da kunyar da na sha a dalilinsa. Shi zan ba ku, in ya so wanda ya ga bai ƙoshi ba sai ya nemi biza.

Dalilin tafiyar ba wani mai tsawo ba ne. Yayata ce ta haihu, haihuwar fari, a birnin Niyukasul da ke arewa maso gabashin Ingila, inda mijinta yake karatun digiri na uku. Da yake ba halin ta zo gida wanka, sai aka yanke shawara gida ya je ya same ta, watau a kai mata Inna. Inna kuwa ta ce ita ba ta shiga jirgi zuwa ƙasar da ba ta jin maganarsu sai da ɗan rakiya. Ni ne auta, ni ne kuma ake ganin na sha boko, saboda haka kaya ya faɗo a kaina. Muka sauka a watan Disamba na 2023, tsakiyar hunturunsu.

Gara in faɗi laifina tun yanzu, kada wani ya riga ni. Makonnin farko duk cikin jin kunyar Inna na yi su. In mun shiga jirgin ƙasa na cikin gari, wanda suke kira Metro, sai ta gai da duk wanda ta zauna kusa da shi, har da tambayar gajiya, alhali mutanen nan kowa ya tsuke baki ya zura wa wayarsa ido. Ta ɗaura zani a kan wando, ta sa safa uku, ta yafa mayafi a kan kwat. Ran nan a wani babban kanti ta ce in tambaya mata inda ake ajiye kanwa. Ni ne tafinta, amma tafintan banza, domin in ta yi magana mai tsawo sai in datse ta, in miƙa wa Bature guntu, in ce ai ba komai take cewa ba. A raina kuwa gani nake ni ne mai Hausa. Ba ni na iya sa wa kalma karin sauti ba? Ba ni na haddace giredin aikatau bakwai na Parsons ba, har in zana su a allo ba tare da duba takarda ba? Inna ko harafin boko ɗaya ba ta sani ba.

Wata safiya cikin Janairu ta ce ta gaji da daskararren kifin kanti. Mai jego, in ji ta, ba a ba ta kifin da ba a ga idonsa ba. Ba abin mamaki ba ne, domin 'yar masunta ce gaba da baya, daga wani ƙauye na bakin kogin Haɗeja, can wajen da ruwa yake bazuwa ya zama fadama kafin a kai Nguru. Mijin Yaya ya ce mu je Nos Shils, inda kogin Tayin yake faɗawa cikin Tekun Arewa, akwai kwatar masunta. Muka yi sammako, in dai ana iya kiran ƙarfe tara sammako, gama a can rana ba ta leƙowa sai wajen takwas da rabi, kafin ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Inna ta ce ba ta taɓa ganin ƙasar da ake yin azahar da la'asar da magariba da alwala ɗaya ba tare da an yi wani ƙoƙari ba.

Sanyin wurin nan ba irin namu ba ne. Namu bushewa ne, ya fasa leɓe da diddige, da hantsi ya yi kuma ya saki mutum. Wancan jiƙaƙƙe ne, iska ke ɗebo shi daga teku ta watsa maka a fuska, ya bi ta kunne ya sauka har haƙori. Ruwan da ya kwanta a bakin hanya duk ya daskare. Na sa hannu a aljihu na rantse ba mai fito da shi.

Wurin tsoho ne ƙwarai, an ce tun ƙarni na 13 masunta suke sauke kifi a nan. Da muka gangara na ga rumfunan kifi da jiragen kamun jatan lande a ɗaure, sai na tuna kalmar nan tamu, kwata, wadda muke kiran matsayar jirgin ruwa da ita, mu kuma kira mayanka da ita. A nan ma'anonin biyu suka haɗu wuri guda, domin ga jirage ga kuma wari da kayan ciki. Kuma yadda shirwa take cika sararin kwatar mahauta a garuruwanmu, haka waɗansu tsuntsaye farare da toka-toka suka cika wannan. Suna kan rufin rumfuna, suna kan turakun jirage, suna kan ruwa, suna ta kururuwa kamar ana yi musu rabon gado. Turawa suna ce musu gal. Inna ta dube su sau ɗaya ta ce, "Shirwar teku ke nan." Da wannan suna zan ci gaba da kiransu, don ban ga wanda ya fi shi dacewa ba.

Muka sayi kifi. Inna ta buɗe kunnen kowane ɗaya ta duba ja ne ko ya koɗe, ta danna cikinsa da yatsa, ta mai da biyu ta zaɓi uku, mai kifi yana kallonta yana gyaɗa kai. Ni dai so nake mu juya. Sai ga waɗansu mutane kamar goma sha biyu a can ƙarshen kwata, sun jeru sun ba mu baya, kowa ya kafa madubin hangen nesa a kan ƙafa uku, wasu kuma sun rataya ƙanana a wuya. Yawancinsu dattawa ne. Ba mai magana. Hancinsu ya yi ja kamar gauta.

Inna ta ce, "Auta, wani ne ya faɗa ruwa?"

Na je na tambayi wani dattijo mai farin gemu da hular ulu. Ya ce a'a, tsuntsu suke nema. Wai da sassafe wani ya hango wata baƙuwar shirwar teku a cikin garken nan, ya aika wa 'yan'uwansa labari ta waya, kafin su iso ta tashi. Yanzu awa biyu ke nan suna bin tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, ko Allah zai sa ta dawo. Shi kansa, in ji shi, tafiyar awa ɗaya da rabi ya yi a mota.

Na dawo ina dariya na ce, "Inna, wai tsuntsu suke jira. Kin ga abin da ƙoshi yake sa mutane." Na zaci za ta taya ni. Maimakon haka sai ta ce, "Wane iri?" Na ce oho, wai baƙo ne, ba ɗan nan ba. Ta ce, "To, riƙe," ta miƙa mini ledar kifi, ta gyara mayafi, ta matsa bakin ƙarfen da aka kange ruwa da shi.

Ana nan sai wani ma'aikaci ya fito da bokiti ya watsa kawunan kifi cikin kogi. Wuri ya ruɗe. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, suka rufe sama, suka yi ta wawaso suna dukan juna da fiffike, sa'an nan suka koma suka sassauka, wasu a ruwa wasu a kan wani dogon rufi da ke hannun hagu. Masu madubi duk suka karkata ga ruwa, inda taron ya fi yawa. Inna kuwa rufin take kallo. Can sai ta turo baki ta nuna, ta ce, "Ga baƙonsu can. Na uku daga ƙarshe. Gaya musu."

Na ce, "Haba Inna, mutanen nan fa da na'ura suke dubawa."

Ta ce, "Na ce ka gaya musu."

Na ƙi. Wallahi na ƙi. Abin da na hango shi ne dattawan nan su juya su ga ba shi ba ne, su yi mana murmushin nan nasu na ladabi wanda ya fi zagi ciwo. Da ta ga na noƙe sai ta rabu da ni, ta taka har gaban mai farin gemu, ta ƙwanƙwasa ƙafar madubinsa da yatsa ta ce, "Malam! Bature! Can." Ya bi hannunta da kallo, ya juya madubin a hankali, ya sa ido. Ya yi shiru kamar na ƙirga biyar. Sai na ji ya ambaci sunan tsuntsun da wata murya ƙasa-ƙasa, nan take ƙafafun maduban nan suka juya wuri guda kamar sahun salla.

Sai da aka ba ni madubi na duba sa'an nan na ga bambancin, shi ma da ƙyar. Sauran duk bakin fiffikensu baƙi ne ko duhu-duhu. Wannan kuwa daga kai har wutsiya launinsa ɗaya, kamar koko da aka cika wa madara, bakin fiffiken ma ya fi jikin haske. Bai kai maƙwabtansa girma ba, kansa a dunƙule, fuskarsa ba ta da muguntar tasu, fiffikensa kuma ya zarce wutsiya sosai. Dattijon ya ce in tambayi Inna yadda ta gane shi da ido kawai. Wannan karon na fassara duka, ban datse ko kalma ba. Ta ce, "Ai duk sauran sun tsoma bakin fiffikensu a tawada, shi kaɗai ne bai je makarantar allo ba. Kuma da aka watsa abinci bai shiga kokawa ba, gefe ya bi ya ɗauki wanda ya faɗo. Ɗan gari ba ya cin abinci haka." Wata mata ta matsa ta ba ta madubi. Inna ta rufe ido ɗaya ta leƙa, ta daɗe, ta ɗago ta ce, "Wayyo, yaro ne ma. Bakinsa bai nuna ba."

Haka ne kuwa. Dattijon ya ce wannan ne hunturunsa na farko a duniya. Irinsu sai sun shekara huɗu kafin su yi kayan manya, watau baya ya zama toka mai haske, ciki fari fat, baki ya koma rawaya da ɗigon ja. Suna kiransa shirwar tekun Aislan, amma sunan bai faɗa daidai ba, domin ba ya yin ƙwai a Aislan, hunturu kawai yake kai shi can. Mahaifarsa duwatsun gaɓar Girinlan ne da tsibiran arewacin Kanada. Watau ɗan tsuntsun nan da bai cika shekara ba ya ƙetare teku fiye da kilomita 2,000, ya ninka tafiyar Kano zuwa Ikko, ya zo nan don a wurinsa wannan sanyi da ke neman kashe ni sauƙi ne. Kowace shekara kaɗan daga cikinsu sukan ɓullo a kwatocin Birtaniya, galibi can arewa wajen Sikotlan, su saje da garke, sai mai ido ya tsamo su.

Batun suna da bai dace ba ya tsaya mini, don daga baya na gano mu ma an yi mana. Shamuwarmu, wadda kowane yaro ya san zuwanta damina ta matso, a littattafan Turawa sunan wani gwamnan Turkawa na ƙasar Sudan aka laƙaba mata, wai shi Abdim. Ban san ran da ya taɓa ba ta ko fara ɗaya ba. Na kuma gano mutanen da na yi wa dariya ba su ne suka fi kowa nisa a wannan sha'ani ba. A 1975 wata 'yar ƙaramar shirwar teku mai ƙirji ruwan hoda, irin ta Saiberiya, ta sauka a garin Niyuburifot na Amurka, dubban mutane suka yi ta tururuwa cikin hunturu don su gan ta.

Amma ba a nan kunyata ta ƙare ba, somawa ma ta yi. Dattijon ya buɗe fulas ya zuba wa Inna shayi a murfi, ya ciro wani littafi da ya sha hannu, mai hotunan tsuntsayen Turai, don ya nuna mata baƙon. Ta karɓa ta riƙe, ba ta mayar ba. Ta lashi yatsa ta shiga buɗe shafi. "Zalɓe," in ji ta. Ta buɗe. "Balbela. Kai, har nan? Ga kwasakwasa. Wannan zakaran ƙeƙuwa ne, mai hana mutane barci. Ga shirwar gaske. Ga alhudahuda." Kowane ta faɗa sai dattijon ya dube ni, yana jiran in ba shi da Turanci. Balbela da shirwa na sani. Sauran kuwa, jama'a, sunayen na sani, tsuntsayen ban san su ba. Na sha gamuwa da zakaran ƙeƙuwa a ƙamusun Bargery na 1934, na san inda karin sautinsa yake hawa da inda yake sauka, amma da ya sauko ya tsaya a kan takalmina ba zan ce ga shi ba. Ƙarshenta suka daina dubana. Ita ta ɗora yatsa ta faɗi nata, shi ya faɗi nasa, ya ciro ɗan littafin aljihu yana rubutawa yadda kunnensa ya ji. Ni kuwa, ɗalibin Hausa na aji uku, ina tsaye da ledar kifi.

Da suka iso shafin agwagi sai ta tsaya a kan wata 'yar ƙarama mai farin layi a saman ido. Ta ce wannan da sanyi take zuwa fadamarsu, garke-garke, kafin zafi ya kankama kuma a neme ta a rasa. Sai ta ba da wani labari da ni ɗanta ban taɓa ji ba. Wai tana yarinya, babanta ya taɓa samun irinta ta sarƙe a taru, da zoben ƙarfe a ƙafa, an yi rubutu a jiki. Aka kai wa malamin ƙauye ya ce ba Larabci ba ne. Aka yi ta shawara, wasu suka ce tsuntsuwar wani sarki ce, wasu suka ce ta aljanu ce a sake ta. Baban dai ya yanka aka ci, ya zura zoben a igiyar layarsa.

Dattijon ya kusa zubar da shayinsa. Ya ce waɗannan agwagi a Turai da Rasha suke ƙyanƙyasa, su ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a fadamun ƙasarmu da tafkin Chadi. Zoben kuwa masu bincike ne suke sawa, al'adar da wani malamin makaranta, Mortensen, ya soma a Denmak a 1899, Ingila ta ɗauka a 1909. Kowane zobe da lambarsa. Da za a sami lambar nan, in ji shi, da an faɗi ƙasar da aka sa shi da ranar da aka sa. Ya ce in tambaye ta ina zoben yake. Inna ta yi dariya ta ce an binne mai shi shekara talatin da wani abu, layun kuwa ba ta san hannun da suka faɗa ba.

A jirgin komawa ba ta gai da kowa ba, tana ta kallon taga. Sai da muka wuce tasha biyu ta ce, "Auta, wai me suke koya muku a jami'ar nan?" Ba da faɗa ta yi tambayar ba, so take ta sani. Na buɗe baki in ce giredin aikatau, na ga ba zai fito ba, na ce, "Abubuwa da yawa, Inna." Ta ce, "To, madalla."

Daren nan, bayan mai jego ta sha romonta jariri ya yi barci, na ɗauko littafin rubutu na zauna a ƙasa kusa da ita. Muka yi ta yi har muka bar ƙasar. Kirinjijiya, ɗinya, jinjimi, gauraka, borin tinke, ragon maza, carki, yautai, da waɗansu da dama da ban same su a ƙamus ba. Kowane da kukansa, da lokacin zuwansa, da ko ana ci ko ba a ci. In na ce ta kwatanta mini kamanninsa sai ta gaji ta ce, "Sai mun je fadama ka gani." Sai dai ita kanta ta ce fadamar ba kamar da ba ce. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliya ba ta zuwa yadda ta saba, kachalla kuma ta cinye hanyoyin ruwa da yawa. Gauraka, in ji ta, rabonta da ganinsa tun kafin a haife ni.

Ana jibi za mu taso ta ce a koma kwata a sayo wa Yaya na sallama. Baƙo dai ba ya nan, an ce kwana tara ya yi ya ƙara gaba. Amma mai farin gemu yana nan da madubinsa, shi da wasu mutum biyu. Da ya hango mu ya cire safar hannu, ya laluba aljihu ya ciro ɗan littafin nan, ya nuna wani dogon tsuntsu mai ruwan toka da ke tsaye shi kaɗai a bakin taɓo, ya ce da ƙarfi, "Zalbe!"

Nan fa karatuna ya sami ranarsa. Na ajiye leda na shiga yi masa bayani, cewa ba "b" ba ce, "ɓ" ce, a haɗe leɓɓa a saukar da maƙogwaro kamar za a haɗiyi iska. Ya gwada, ya sake gwadawa, har gemunsa yana rawa, abin ya ƙi. Ina shirin zana masa hoton maƙogwaro a bayan littafinsa sai Inna ta ce, "Kai Auta, ƙyale bawan Allah haka nan. Ɗauki kifin mu tafi, la'asar ta kusa."